Ruwan Gahawa a Kan Takarda: Sharhi ga Masu Zane na Paraku da Jugu

 Sharhinmu na yau kan wani abu ne da wasu za su ɗauka wasan yara ne, wato zane da ruwan gahawa. Mai zane yakan ja layukansa da alƙalami da tawada, sannan ya dama garin gahawa irin wanda ke kan teburin kowane mai shayi, ya sirka shi da ruwa, ya shafa da buroshi. Nan da nan sai inuwa ta fito, abin da ke nesa ya ja baya, abin da ke kusa ya matso. Wannan salo ya yaɗu a duniya. A Legas Ekene Ngige ya yi suna da shi, a Afirka ta Kudu akwai Ennock Mlangeni, hotunan irin aikin kuma suna ta yawo a Facebook da TikTok. Ra'ayina shi ne iyaye da malaman makaranta a arewacin Benin su ɗauki abin nan da muhimmanci, domin babu makarantar koyon zane mai araha da ta kai shi. Amma wanda ya koya da gahawa kada ya tare a nan, don launin da zai daɗe yana hannun alaramma da majemi da magini, yana kuma cikin jar ƙasar da muke takawa.

Mu fara da abin da mai koyo yake buƙata kafin komai. Yaro yakan zaci launi ne ke ƙawata zane, shi ya sa in ya samu akwatin fenti sai ya zuba ja da shuɗi da kore gaba ɗaya, zanen ya fito a shimfiɗe kamar tabarma, ba tudu ba kwari. Abin da ke ba zane jiki shi ne sanin haske da inuwa: ina rana ta bugi bangon masallaci, ina ta kauce, wane gefen rawani ne ya fi duhu, yaya inuwar kaɗanya take dusashewa in ta yi nisa da gindinta. Da launi ɗaya ake koyon wannan, a tsinka shi da ruwa ya yi haske, a rage ruwan ya yi duhu. Masu zanen ƙasar Sin sun fi shekara dubu suna fitar da duwatsu da hazo da koguna da baƙar tawada kaɗai. A Turai ta ƙarni na 17, irin su Rembrandt na Holan da Claude Lorrain sun bar ɗaruruwan zane na alƙalami da shafi mai ruwan ƙasa, kuma ɗaya daga cikin launukan zamanin daga kunkunniyar hayaƙin itace ake dafa shi. Victor Hugo, wanda duk wanda ya zauna ajin Faransanci a ƙasar nan ya san sunansa, ya bar zane dubbai. A shekarun da ya yi gudun hijira a tsibiran Jersey da Guernsey, daga 1852 zuwa 1870, ya yi ta zana gidajen sarauta da teku da hadari, yana haɗa tawada da kunkunniya da gahawa. Ke nan wanda ya tsoma buroshi a kofin gahawa a Jugu ya hau hanyar da manya suka bi.

Sai batun kuɗi da nisa. Ƙasar nan ta farka kan zane da kayan fasaha. A Nuwamban 2021 Faransa ta maido da kayan tarihi 26 na fadar Abomey, a Fabrairun 2022 aka baje su a fadar shugaban ƙasa a Kwatano tare da ayyukan masu zane na zamani, jama'a suka yi dafifi. A 2024 Benin ta kafa rumfarta karo na farko a babban baje kolin fasaha na Venice da ke Italiya. Gidauniyar Zinsou tana nuna ayyukan masu zane a Kwatano tun 2005, ta kuma buɗe gidan adana su a Wida a 2013. Abin farin ciki ne, sai dai duk wannan a bakin teku yake. Paraku ta fi kilomita 400 daga Kwatano, Jugu kuma sai an ƙara kamar kilomita 130 daga Paraku. Akwatin fentin ruwa mai kyau shigo da shi ake yi daga waje, kafin ya iso nan kuɗin mota da ribar dillalai sun hau kansa, uban da ke fama da kuɗin makaranta kuwa ba zai sa shi a sahun gaba ba. Ƙullin garin gahawa na 'yan kuɗi kaɗan ya isa yaro ya cika takardu da yawa. Romuald Hazoumè na Porto-Novo da tsofaffin jarkokin fetur ya ƙera fuskokin da suka kai shi manyan gidajen nuni na duniya, har ya karɓi lambar yabo a Kassel ta Jamus a 2007. Bai jira kayan aiki daga Faris ba.

To yaya gahawa take a kan takarda? Launinta daga gashi yake samuwa: in aka gasa ƙwayar, zaƙin da ke cikinta da sinadaran gina jiki sukan haɗu su koma ruwan ƙasa, kuma wannan launi yana narkewa a ruwa. Saboda haka mai zane yakan dama ta mataki uku, tsararo da matsakaici da mai kauri. Ya fara da tsararon, ya bar farin takarda a duk inda yake son haske, tunda babu farin fenti da zai dawo masa da shi. Ya jira ta bushe, ya ƙara shafi a inda yake son duhu, hawa kan hawa. Wannan jira shi ne rabin karatun, don buroshi mai ruwa in ya daɗe a wuri ɗaya yakan tayar da shafin ƙasa ya ɓata aikin. Akwai kuma wani hali nata da kowa ya sani daga tabon kofi a kan tebur, wato gefen ɗigo yakan fi tsakiyarsa duhu. A 1997 Robert Deegan da abokan aikinsa na Jami'ar Chicago suka bayyana dalili a mujallar Nature: ruwan gefe ya fi saurin bushewa, sai na tsakiya ya riƙa kwarara zuwa gefen yana ɗauke da ƙwayoyin launi, su taru a can. Mai zane da ya gane haka zai iya sa wannan gefe ya zama bakin gajimare ko ƙarshen inuwa, in kuma ba ya so, ya bi shi da buroshi mai ɗan danshi tun bai bushe ba. A nan arewa, da hunturu, iska takan busar da shafi tun hannu bai kai ƙarshen takarda ba, don haka sai an fara jiƙa takardar da ruwa zalla. Takardar kwafi mai nauyin giram 80 takan kumbura ta lanƙwashe. Ta masu fentin ruwa takan kai giram 300. Takardar Canson da 'yan makaranta suka sani tana tsakani, kuma ta wadatar in aka liƙe gefunanta a jikin katako. Abu na ƙarshe shi ne tawada. Tawadar allo an yi ta ne don a wanke, saboda haka in ita ce a hannu, a fara shafa gahawa, a bari ta bushe, sannan a ja layi. In biro ne ko tawadar Sin wadda ruwa ba ya ɗauka, ana iya fara layin.

Wani zai ce ai wannan almubazzaranci ne, a ɗauki abin sha a shafe takarda da shi. Amsar gajeriya ce. Cokali ɗaya ya ishi zane da yawa, kuma abin da aka kashe wajen koyon sana'a ba a zubar da shi ba. Wani kuma zai ce ita ma gahawar ai baƙuwa ce, ba a noma ta a yankunanmu na Bargu ko Donga, daga Kwaddibuwa ko tsaunukan Kpalimé na Togo take zuwa. Haka ne, ban kuma ce ta gida ce ba. Na ce tana kusa, tana da araha, ba ta buƙatar dafawa ko tacewa, yaro zai iya farawa yau da yamma.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na koɗewa, kuma masu yin sa suna da gaskiya. Launi iri biyu ne. Akwai wanda gari ne na ƙasa ko dutse ko gawayi, yana zama a kan takarda, rana ba ta cika yi masa komai ba. Akwai kuma wanda rini ne daga tsiro, yana shiga cikin takarda, haske kuma yana cin sa a hankali. Gahawa tana cikin na biyu. Zanen da aka rataya inda rana ke bugu zai dusashe, wuraren da aka yi wa shafi siriri su za su fara tafiya. Tana da ɗan tsami, tsami kuwa ba abokin takarda ba ne. In aka yi mata kauri sosai takan yi sheƙi da danƙo, ta riƙa jan danshi, da damina ta kira funfuna da kiyashi da kyankyaso, musamman in aka yi kuskuren amfani da wadda aka haɗa da sukari da madara. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a sani cewa ko fentin ruwa na asali yana tsoron haske. Wani attajirin Ingila, Henry Vaughan, da ya rasu ya bar wa gidan adana zane na Edinburgh ayyuka 38 na shahararren mai zane Turner, da sharaɗin a riƙa nuna su a watan Janairu kaɗai, lokacin da hasken rana ya fi rauni a can, kuma fiye da shekara ɗari ana bin wannan sharaɗi. Don haka koɗewa ba ta hana a yi aiki da abu, tana dai wajabta a san yadda za a adana shi. Ga mai koyo babu damuwa, domin takardun gwaji ba don jikoki ake yin su ba, abin da aka koya yana hannu. Ga mai sayarwa kuwa akwai amana. Wanda ya karɓi kuɗin mutum a kan zanen gahawa dole ya gaya masa da me aka yi shi, ya ce masa ya sa shi a gilashi, ya rataya a bangon da rana ba ta kaiwa, nesa da danshi. Ya kuma ja ƙashin zanen da baƙar tawada mai ɗorewa, yadda ko shafin ya rage, surar tana nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mai saye ɗaya da zanensa ya koɗe ba a faɗa masa ba ya isa ya ɓata sunan masu zanen gari guda.

A nan ne nake ganin Paraku da Jugu suna da abin da mai zanen gahawa na Turai ko Amurka ba shi da shi. Jugu babban zango ce a tsohuwar hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja. A da, ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko Paraku, su sauka a unguwar fatake ta Wangara kusa da fadar Kilir, kafin su miƙa Salaga. Suna kai kanwa da turkuɗi da jar fata, suna dawowa da goro. Tare da ayarin akwai malamai da allunansu da kurtun tawada, ilimin haɗa launi kuma ya zauna inda suka zauna. Tawadar makarantar allo gawayi ce ko baƙin tukunya da aka niƙa aka haɗa da ƙaro. Baƙin gawayi kuwa yana cikin launukan da rana ba ta iya koɗarwa, kuma shi ne tushen tawadar Sin da ake saye da tsada. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da hannu yana sa wasali da ja, hamza da ɗigon rawaya, alamar sadarwa da kore, mai zayyana kuma yana ƙawata allon sauka da launukan da ya san asalinsu. Littattafan da aka rubuta haka a Kano da Sakkwato da Tumbuktu, a kan takardar Italiya mai tambarin wata uku, sun haura shekara ɗari ana karanta su. Ku dubi kasuwar Arzeke ta Paraku: jan da ke jikin wagashin matan Fulani daga karan dafi yake, wanda dukawa ke rina fata da shi. Makubar da magina ke jiƙawa daga kwasfar ɗorawa su shafe daɓe da bango launinta ya yi kusa da na gahawa ƙwarai. Bagaruwar majema in ta haɗu da ƙarfe tana ba da baƙi mai kama jiki. Ganyen marke shi ne Bambarawan Mali ke jiƙa zane da shi kafin su shafa laka mai ƙarfe su fitar da bogolan. A 1978 wasu matasa da suka yi karatu a makarantar fasaha ta ƙasa da ke Bamako suka kafa ƙungiyar Bogolan Kasobané, suka ajiye fentin waje, suka koma wajen tsofaffin mata suna koyon ganye da laka, kuma ayyukansu sun zaga duniya. Wannan shi ne misalin da ya fi kusa da mu.

Ba kowane rinin gida ne ke daɗewa ba, kada a ce na yi zuzutawa. Ruwan zoɓo yana da kyau ranar farko, ba ya jimawa yake sauya kama. Gangamau ma rana na cin sa da sauri. Tawadar da ƙarfe ya yi wa yawa takan ci takarda har ta huda ta, kamar yadda ya faru da tsofaffin takardu da yawa a Turai. Amma akwai wanda babu shakka a kansa, wato ƙasa. Fentin ruwan da ke cikin akwatin waje garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron kuwa daga itacen dakwara na Sudan da Chadi da arewacin Najeriya ake tsinto mafi yawansa. Launukan ruwan ƙasa da ke cikin akwatin asalinsu ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe, ɗaya daga cikinsu ma sunan birnin Siena na Italiya yake ɗauke da shi. Jar ƙasar da ke bin ƙafar duk wanda ya bi hanyoyin karkarar Bargu da Donga ita ma tsatsar ƙarfe ce ta ba ta launi. A ɗebo ta, a dama da ruwa, a bar tsakuwa da yashi su kwanta, a tsiyaye ruwan saman, a bar shi ya kwanta shi ma, a shanya lallausan garin, a niƙa da ruwan ƙaro da ɗigon zuma don kada ya tsage. Abin da aka samu fentin ruwa ne na gaskiya. In aka ƙona garin a wuta ya ƙara ja, in aka sa masa gawayi ya yi duhu. Hannun da gahawa ta koya wa jira da auna ruwa zai karɓi wannan ba tare da wahala ba.

Akwai iyayen da damuwarsu ta addini ce, kuma a gari irin Jugu mai yawan malamai ba a tsallake wannan. Malamai sun yi dogon bayani kan zanen abu mai rai, sharhin rediyo kuma ba wurin fatawa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da zan ce kawai shi ne filin da babu saɓani a kansa yana da faɗi: masallatai da zaurukan gari, duwatsun ƙasar Taneka, kuka da ɗorawa, taswira, zayyana. Tun da can ma malamai ne ke zana aska takwas da tawada a jikin babbar riga kafin maɗinki ya bi da zare. Magini da kafinta da tela da mai ƙera ƙofa duk suna cin moriyar hannun da ya iya nuna abu a takarda kafin a kashe kuɗi a kansa.

Ƙorafi na ƙarshe daga masu zane yake fitowa, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Suna cewa ruwan ƙasa yana tsofar da komai, yana sa zane ya yi kama da katunan hoto na zamanin Dahomey ta Turawan mulki, inda aka nuna mu kamar mutanen da lokaci ya tsaya musu. Mai saye daga waje yana son wannan kama, mai zane mai neman kuɗi kuma zai iya faɗawa cikin zana bukka da mace da tulu har abada. Hatsarin na gaske ne. Maganinsa yana wajen abin da aka zaɓa a zana. A zana 'yan zemijan, wato masu acaɓa, a bakin kasuwa, da tirelolin auduga a layin masana'antar gurza, da buhunan kashu, da ɗalibai mata a ƙofar jami'a, da mai gyaran waya a rumfarsa. Wanda ya je bikin Gani a Nikki ya zana dawaki da masu kakaki, ya kuma zana matasan da ke ɗaukar su hoto da waya. In aikin ya nemi shuɗi, ga baba. In ya nemi ja, ga karan dafi da jar ƙasa.

Abin da ya rage shi ne a gwada a gani, kuma gwajin bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Malamin zane ya sa ɗalibai su ja layuka masu faɗi a takarda ɗaya: gahawa, makuba, ruwan goro, marke, karan dafi, jar ƙasa da ƙaro, tawadar allo. A rufe rabin takardar da kwali, a kafa ta a taga daga farkon hunturu zuwa ƙarshen bazara, a ajiye irinta a ɗaki ta ratsa damina, sannan a buɗe a kwatanta. Jami'ar Paraku, wadda aka buɗe a 2001, tana da tsangayar aikin gona da ta san itatuwan yankin nan da ƙasarsa, za ta iya yin gwajin da ma'auni ta fitar da sakamako, gidajen rediyo kuma su karanta shi da Dandanci da Barbanci da Fulatanci da Hausa. Matasan da ke zane kuwa su sayi goro su je gaida alaramman unguwarsu da majemi da tsohon magini, su tambaye su yawan ƙaron da ake sawa, da lokacin da ake ɗebo kwasfar ɗorawa, da kwana nawa ake jiƙa ta, su rubuta abin da aka gaya musu da sunan wanda ya gaya musu. Mu kwana nan.